Kafin Ka Biya Kuɗin Keke, Tsuguna Ka Ƙirga Sifok

Mai sayen keke yakan duba fenti, ya kaɗa ƙararrawa, ya matse birki, ya latsa taya da babban yatsa, ya hau ya zaga fili, sai a shiga ciniki. Da wuya ka ga wanda ya tsuguna ya ƙirga sifok, siraran wayoyin nan da suka taso daga hob a tsakiyar wili suka riƙe rim. Amma in aka yi wata uku ƙafar baya ta fara rawa tana gugar birki, su ne za su kai mutum rumfar mai gyara. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023, gidaje da dama sun waiwayi keke, wani don zuwa wurin aiki, wani don 'yan makaranta, wani don gona. Kasuwa kuwa ta tara kowane iri, ga sababbi daga Indiya da Sin, ga na gwanjo daga Japan da Turai, kuma kowanne an ƙera shi ne domin wata irin hanya da wani irin nauyi. Yawan sifok na cikin abubuwan da ke tona wa mai saye aikin da aka yi keken dominsa.

1. Ƙirga ƙafa biyun, kowace daban. Ɗora yatsa a kan bawul, ka bi rim kana ƙirga noti har ka dawo inda ka fara. A galibin kekuna za ka samu 16, 20, 24, 28, 32, 36, 40 ko 48. Duka huɗu na raba su daidai, domin rabin sifok na zuwa gefen dama na hob, rabi na zuwa hagu, kuma a kowane gefe rabi sun karkata gaba, rabi sun karkata baya. Don haka in ka samu 35 ko 31, kada ka zargi lissafinka, nemi ramin da ba komai a cikinsa. Akwai masu sayar da na hannu da ke zare karyayyen sifok su saita wilin haka nan, ya yi kyan gani na kwana biyu.

2. San yadda wili ke ɗaukar nauyi, sauran shawarwarin duk daga nan suka fito. Sifok ɗaya kaurinsa kamar milimita 2 ne. In ka tsayar da shi ka danna da tafin hannu, lanƙwashewa zai yi, domin ƙarfinsa a ja yake. Mai saƙa wili yakan ɗaure kowane sifok har ya riƙa jan rim da ƙarfin da ya yi kusa da nauyin kilo 100, kowanne na ja ta nasa ɓangaren, rim ya tsaya cak a tsakiya. Da ka hau, rim yakan ɗan lotsa daidai inda taya ta taɓa ƙasa, 'yan sifok ɗin da ke wurin su ɗan saki, sauran kuwa kusan ba su ji komai ba. Wani injiniya mazaunin Kalifoniya, Jobst Brandt, ya yi wa wannan dogon bayani a littafinsa kan wilin keke da ya fito a 1981, har gobe masu saƙar wili na komawa gare shi.

Muddin na ƙasan nan ba su saki gaba ɗaya ba, wili lafiya lau yake. Rigima na farawa ne ranar da kaya ya fi ƙarfin ɗaurin. Sifok ya yi laƙwas, noti ya samu sararin kwancewa, maƙwabta su ɗauki aikin da ba nasu ba. Ga kuma maimaici. Wilin inci 28 yana juyawa kusan sau 450 a kowace kilomita, kuma a kowane juyi sai kowane sifok ya saki ya sake ɗamewa. Mai tafiyar kilomita 10 a yini ya sa kowannensu ya yi haka sau 4,500. Shi ya sa da wuya sifok ya karye a tsakiya. Galibi a gwiwa yake karyewa, inda ya lanƙwasa ya shiga ramin hob, kuma sau da yawa a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, mutum na tafiya salin alin sai ya ji ƙas. Gajiyar watanni ce ta taru.

A nan yawan sifok ke da rana. A rim ɗin inci 28, sifok 40 na ba da tazarar kamar santimita 5 tsakanin wannan da wancan, 20 kuma na ba da santimita 10. In suna kusa da juna, da yawa ne ke raba nauyin da ya sauka, kowanne ya saki kaɗan. In sun yi nisa, biyu ko uku ne ke shan wahalar su kaɗai.

3. In keken na kaya ne, kada ƙafar baya ta gaza 36, kuma 40 ya fi. Turawan Ingila sun daɗe da gane wannan. Tsohon baƙin keken nan mai birkin ƙarfe, irin wanda kamfanin Raleigh na Nottingham ya cika ƙasashenmu da shi, tsarinsa 32 ne a gaba, 40 a baya, kuma da yawa daga kamfanonin Indiya da suka gaji fasalinsa sun bi wannan tsari. Jimilla 72 ke nan, daidai da keken da ke da 36 gaba da baya, sai dai an kai ƙarfin inda ake bukatarsa. Ko babu kaya, kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyi a ƙafar baya yake sauka, kuma ita ce sarƙa ke murɗawa duk lokacin da aka taka feda.

Yi lissafin mai ɗebo ruwa. Jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 ne. Ƙara mutum mai kilo 70, da keken kansa da ya kai kilo 20, ka doshi 200, kuma mafi yawa a bisa kariya. Haka buhun masara, haka damin rake ko na itace. Keken Buffalo, wanda ƙungiyar World Bicycle Relief ke haɗawa domin ƙauyukan Zambiya da Kenya da Malawi da wasu ƙasashe, an yi kariyarsa ne ta ɗauki kilo 100, kuma abin da suka dogara da shi a wili shi ne rim na ƙarfe da sifok masu kauri. Samari na yi wa irin waɗannan kekuna dariya, wai na tsofaffi ne. Su yi ta yi. Ranar kasuwa, in aka ɗora buhu aka bi hanyar burji, shi ne ke dawowa gida da ƙafarsa.

Wani abu kuma game da lodi. Wili na jure nauyin da ya sauko masa daga sama sosai, amma ba ya jure turi daga gefe. A raba kaya daidai dama da hagu, a saukar da shi ƙasa-ƙasa a gefen kariya maimakon a jibga shi sama. In za a tura keken da kaya a hawa ko a yashi, a riƙe shi a miƙe. Kwantar da shi a jikin ƙugu ana turawa na cikin abubuwan da ke karkatar da ƙafar baya.

4. Na zirga-zirgar cikin gari, 32 ko 36 ya wadatar. Kada a tsaya jayayya a kan wanne ya fi sauƙin tuƙi. Sifok ɗaya da notinsa giram 7 ne ko 8, ke nan bambancin 32 da 36 kamar giram 30 ne a ƙafa guda, abin da ba cinyar da za ta ji. In maigida mai jiki ne, ko za a riƙa yin goyo, a ɗauki 36. Rim da hob masu rami 36 sun fi sauƙin samu a wurin masu kayan keke, wannan ma dalili ne.

Kekunan Japan na gwanjo masu kwando a gaba, waɗanda matan can ke zuwa cefane da su, galibi 36 ne a baya, kuma suna jure aikin gari. Sai dai a kiyaye da lambar da ke jikin tayarsu. Da yawa an rubuta 26, amma ba 26 ɗin keken hawan dutse ba ne. Rim ɗin na Japan faɗinsa milimita 590 ne, na hawan dutse 559. Taya ba ta shiga, sifok ma tsawonsu ya bambanta.

5. Keken yara ba a auna shi da ma'aunin na manya. Rim ɗin inci 20 kewayensa kamar santimita 128 ne, in aka sa masa sifok 28 tazararsu ba ta kai santimita 5 ba, wato ya yi kafaɗa da kafaɗa da babban wili mai 40. Ga yaron ba nauyi. Saboda haka 20 ko 28 a ƙaramin wili ba abin damuwa ba ne, sai fa in yaron naka irin masu tsalle da keke daga kan dakali ne. Kekunan BMX da aka yi don wannan wasa 36 suke zuwa da shi duk da ƙanƙantar wilinsu, wasu har 48.

6. Mai bin gargada da hanyar gona ya nemi 32, amma ya fi sa ido a kan rim. Kekunan hawan dutse na ƙwarai sun daɗe a kan 32, na zamani wasu sun sauko 28 saboda rim ɗinsu ya ƙara ƙarfi. A nan ne ake yaudarar ido a kasuwa. Za ka ga keke da ƙatuwar taya mai gurzau, da sifirin gaba da baya, da rubutu kala-kala, sifok 36 cif, amma rim ɗin falle ɗaya ne na alminiyam mai laushi. Rami biyu zai faɗa ya lotse. Rim mai bango biyu, wanda ke da kogo tsakanin inda tub ke kwanciya da inda noti ke zama, ya fi shi nesa ba kusa ba. In aka ba ni zaɓi tsakanin mai bango biyu da sifok 32 da mai falle ɗaya da 36, na farkon zan ɗauka. Ka sa mai shago ya sace iskar taya ya ɗaga gefenta ka leƙa. In kan noti na zaune a fili ƙarƙashin ƙyallen rim, falle ɗaya ne. In sun nutse cikin ramuka, bango biyu ne.

7. Keken tsere mai 20 a gaba, 24 a baya, a bar wa mai tsere. Yana da kyan gani, ban musa ba, kuma akwai hikima a cikinsa. Kowane sifok na yanka iska a kowane juyi, kuma saman wili na gudu ninki biyu na gudun keken kansa. Ga mai tafiyar kilomita 40 a awa, iska ce babbar abokiyar gaba, rage sifok da fyaɗa su na iya ba shi 'yan daƙiƙoƙin da za su raba na ɗaya da na biyu. An kai abin matuƙa a 1984, lokacin da ɗan Italiya Francesco Moser ya yi kilomita 51 da ɗoriya cikin awa ɗaya a birnin Meziko, a kan wili rufaffe ruf. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ƙayyade cewa wilin da za a shiga tseren gamayya da shi kada ya gaza sifok 12.

Abin da ba a gaya wa mai saye shi ne, ba haka kawai ake rage sifok ba. Ƙarfin da aka cire daga gare su cikin rim ake mayar da shi, a yi shi mai zurfi, mai tauri, sau da yawa na kabon, mai ɗan karen tsada. Sannan ɗan tsere ba shi kaɗai yake tafe ba. A gasar Tour du Faso da ake yi a Burkina Faso tun 1987, kamar sauran manyan gasanni, motoci na biye da mahaya ɗauke da wilin canji. Kai kuwa da za ka ofis ko kasuwa, ba motar da ke bin ka. In sifok ɗaya ya tsinke a wili mai 36, rim zai ɗan goce, ka sassauta birki ka ƙarasa gida. In ya tsinke a mai 20, rim na iya gocewa har taya ta riƙa gugar firam, keken ya ƙi ko turuwa, sai dai a saɓa a kafaɗa. Ga shi sifok ɗin irin waɗannan wili sau da yawa miƙaƙƙe ne mara gwiwa, ko fyaɗaɗɗe, ko notinsa ɓoye yake cikin rim, kayan da mai gyaran unguwa ba ya ajiyewa. Irin waɗannan kekuna na faɗowa cikin kwantenar gwanjo, a sayar da su da araha don ba a san darajarsu ba, mai saye ya yi ta murna har ranar da sifok ɗaya ya karye.

Matashin da ya shiga ƙungiyar masu tsere, shawarata ya yi atisaye da wili mai 32, ya adana mara nauyin don ranar gasa.

8. Keke mai ƙafa uku da keke mai batir suna bukatar ƙari. Mai ƙafa biyu na kwanciya a kwana, nauyi ya bi tsayin wili. Mai ƙafa uku ba ya kwanciya, don haka duk kwanar da aka sha, wilin gefe na shan turin da wili ya fi tsana. In akwai mai lalurar ƙafa a gida da za a haɗa wa keken hannu, a gaya wa maƙeri ya sa 36 zuwa sama, kuma ƙaramin wili, inci 20 ko 24, ya fi jure wannan turi a kan babba. Mai batir kuma da injinsa ke cikin hob, injin na da nauyi, yana murɗa sifok kai tsaye, ga gudu ya ƙaru. Galibi 36 masu kauri ake sa musu. Kekunan mutum biyu na Turai, masu sirdi biyu da feda biyu, an saba yi musu 40 ko 48.

9. Yawa ba ya maye gurbin ɗauri. Wili mai 32 da aka ɗaure daidai ya fi mai 40 da rabinsu ke lilo. Gwajin ba ya bukatar kayan aiki. Ɗaga ƙafar, ka kaɗa kowane sifok da farce ko bayan cokali kamar mai gwada tsarkiyar garaya. Na gefe ɗaya ya kamata muryarsu ta zo kusan ɗaya. Wanda ya yi ƙara dushe-dushe ya saki, wanda ya yi tsini fiye da 'yan'uwansa an matse shi don a ɓoye wata karkata. Sannan ka kama su biyu-biyu ka matse, ka ji ko akwai mai motsi.

Mai keken giya ya lura da wani abu, kada ya ɗauka lalacewa ce. Tarin faifan giya na zaune a gefen dama na hob ɗin baya, ya ci wuri, dole sifok ɗin dama su tsaya kusan a miƙe, a ɗaure su tam. Na hagu sun fi kwanciya, ɗaurinsu wani lokaci bai fi rabin na dama da kaɗan ba. Ke nan muryar dama ta fi ta hagu tsini, kuma haka aka yi shi. Illar ita ce na hagun ne ke fara saki in kaya ya yi yawa. Keke mara giya ba shi da wannan matsala sosai, gefe biyun kusan ɗaurinsu ɗaya, wannan na cikin sirrin daɗewar baƙin keke.

10. Tambayi kauri da irin ƙarfen. Lambar sifok a juye take, ƙaramar lamba ita ce mai kauri: 14 milimita 2 ne, 13 milimita 2.3, 12 kuma 2.6. Na yau da kullum 14, na kaya 13. Kada a wuce gona da iri. Akwai masu faɗaɗa ramukan rim da hob su zura sifok irin na babur, su ce sun yi maganin karyewa. Sifok ɗin kam ba zai karye ba, rim ne zai tsage a bakin ramuka. Abin mamaki ma, sifok masu daɗewa da kamfanoni irin su DT Swiss na Suwizalan da Sapim na Beljiyam ke yi, bakinsu biyu milimita 2 ne, tsakiyarsu an sirantar zuwa 1.8. Siririyar tsakiyar na ɗan miƙewa ta dawo, ta ɗauke wa gwiwa wahala.

Batun ƙarfe, ɗan maganaɗisu zai raba gardama. In ya manne tam, ƙarfe ne na gama-gari da aka yi wa rufi, damina biyu ko uku tsatsa za ta fara cin sa. In da ƙyar yake kamawa, farin ƙarfe ne mara tsatsa. Noti kuma na tagulla ya fi na alminiyam, domin na alminiyam na maƙalewa, bakinsa ya cinye in an sa makulli. Sifok mai baƙin fenti ko ja ado ne kawai, wani lokaci ma fentin tsatsa yake rufewa.

11. Dubi saƙar. A yawancin wili sifok ba sa tafiya kai tsaye daga hob zuwa rim, a karkace suke tashi, kowanne ya tsallake 'yan'uwansa kafin ya isa. James Starley na birnin Coventry ne ya fito da wannan dabara a 1874, don wili ya iya ɗaukar murɗin feda. Tsallake uku shi ne aka saba a 32 da 36, huɗu a 40 da 48, biyu a 24 da 28. Akwai saƙar da ba tsallake ko ɗaya, sifok a miƙe ɗoɗar. Tana da kyau a ido, kuma ba laifi a ƙafar gaba mai birkin roba. A ƙafar baya kuwa, ko a duk ƙafar da ke da birkin faifai, sai da tsallake, domin ƙarfin feda ko na birki daga hob yake tasowa, sifok ne ke kai shi ga taya. Kekunan ado na Amurka masu sifok 72 ko 144 a miƙe, na nunawa ne a dandali.

In za a canza rim, ramukansa su yi daidai da na hob. Mai gyaran da ya ce zai haɗa hob mai 36 da rim mai 32 ya tsallake wasu ramuka, ka ɗauki kekenka ka yi gaba.

12. Sabon keke ya koma wurin mai gyara bayan mako biyu ko uku. Yawancin masu araha inji ne ya saƙa wilinsu, a kwali suke zuwa, sifok ba su gama zama ba. Da an fara hawa sai su kwanta a ramukansu, ɗauri ya ragu. In ka ji sabon wili na ƙas-ƙas a hawan farko, zaman ke nan suke yi. Ɗan kuɗin da za a biya a bi su ɗaya bayan ɗaya a ƙara ɗauri a saita ba shi da yawa. Ka tsaya ka ga aikin. Gwani yakan juya noti rubu'in juyi, ya wulwula wili, ya duba, ya sake. Wanda ya kama filaya maimakon makullin sifok, ko ya kwantar da wili a ƙasa ya hau da ƙafa don ya miƙe, kada ka sake ba shi.

13. In sifok ya karye a hanya, sauka. Naɗe karyayyen a jikin na kusa da shi kada ya shiga sarƙa, sassauta birki in rim na gugarsa, rage kaya in da hali, ka tafi a hankali. A gyara a ranar ko washegari. Kowace kilomita da aka ƙara, maƙwabtansa ne ke biya. Na farko a canza shi kaɗai, na biyu ma haka. In na uku ya karye a ƙafa ɗaya cikin ɗan lokaci, duka sun gaji tare, a zare su gaba ɗaya a sake saƙa, ya fi arha a kan zaryar rumfar mai gyara kowane mako. Bayan an sa sabo, a shafa cikin rim da yatsa. In bakin sifok ya leƙo sama da noti a goge shi da zarto, a mayar da ƙyallen rim ko a yanka tsohon tub a shimfiɗa. Facin da ke yawan dawowa ta cikin tub, ɓangaren da ke kallon rim, daga nan yake.

A keken giya, in sarƙa ta taɓa zamewa ta faɗa tsakanin faifai da sifok, a duba na dama da kyau, domin takan ƙwarzane su a gindi su riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya. Farar robar nan mai kama da faranti da ke bayan faifan giya don haka aka sa ta. Yara na cire ta wai ba ta da kyau, a hana su.

14. Uwargida, wannan naki ne: ƙafar yaro da sifok. Yaron da aka goya a kariya ƙafafunsa na reto daidai inda sifok ke wucewa. In ya yi gyangyaɗi ko keke ya faɗa rami, diddige ya shige tsakanin wili da firam. Yawan sifok ba ya hana wannan, ƙarancinsu ma ƙara faɗin ƙofar yake yi. Raunin na da yaudara. A ranar farko yakan yi kama da ƙujewa, bayan kwana biyu fatar da aka murƙushe ta yi baƙi ta mutu, wani lokaci ma ƙashin sama da idon sawu ya tsage. A wanke da ruwa mai tsabta a kai asibiti, ko da yaron ya daina kuka.

Rigakafin ba tsada. A Holan, inda goyon yara a keke ruwan dare ne, kekunan gari da yawa na zuwa da marufi a gefen ƙafar baya. A nan ana iya yanka tsohuwar jarka falle biyu, a huda, a ɗaure dama da hagu daga kariya zuwa firam, ta rufe saman wilin. A sa mai walda ya yi wa yaro matakin ƙafa, a sa masa takalmi rufaffe maimakon silifa. Marufin nan kuma shi ne zai hana wili cafke bakin hijabi ko zane ko babbar riga.

15. Iska a taya, mai a noti. Taya mai ƙarancin iska na barin rim ya daki bakin kwalbati ko dutse, kuma rim ɗin da ya lotsa ba ɗaurin da zai mayar da shi daidai. A duba iska kowane mako, in za a hau tudun kwalta a ɗaga ɗuwawu daga sirdi. Kafin damina a ɗiga ɗan mai a kan kowane noti don kada ya maƙale, a goge wanda ya zuba a rim saboda birki. In za a kulle keke, sarƙar ta zaga firam da rim. Wadda aka zura tsakanin sifok kawai, ranar da aka manta aka tura keken, ita ce za ta lanƙwasa su.

16. Ajiye na canji tun ba a bukace su ba. Tsawon sifok a milimita ake auna shi, bambancin milimita biyu ko uku ya isa ya sa ya ƙi kama noti ko ya huda tub. A keke ɗaya ana iya samun tsawo uku, na gaba daban, na baya dama daban, na baya hagu daban. In za ka kasuwa tafi da tsohon a hannu a gwada, kada ka dogara da faɗar inci. Sayi huɗu ko biyar na kowane tsawo da notinsu, ka naɗe su da salatif a jikin firam ƙarƙashin sirdi. Wannan ya fi zama dole ga mai keken gwanjo da mazaunin ƙauye, inda mai gyara na iya aikin sarai amma ba shi da irin naka a akwatinsa.